Yunwa a Lokacin Rage Ƙiba

Yunwar mai rage ƙiba ita ce ƙarin sha'awar abinci da ke taso wa mutum idan ya fara cin ƙasa da abin da jikinsa ke ƙonawa. Mutane kan ɗauke ta a matsayin rashin haƙuri ko kwaɗayi, amma binciken likitoci ya nuna martani ne na jiki, wanda ba ya bambance rage cin da mutum ya yi da gangan da wanda fari ya jawo. Ita ce babban abin da ke sa masu rage ƙiba su koma gidan jiya bayan 'yan watanni.

Yadda jiki ke kiran abinci

Wani ɓangare na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus ne ke karɓar saƙonnin yunwa da na ƙoshi. Idan ciki ya zama wayam yakan fitar da sinadarin girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999, shi ne ke sa mutum ya fara leƙen tukunya. Kitsen jiki kuma yana fitar da leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Rockefeller a 1994. Aikin leftin shi ne sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki, don haka da kitse ya fara zubewa sai ya ragu, yunwa ta ƙaru. Hanji ma yana da nasa saƙon ƙoshi, kamar sinadarin GLP-1, wanda allurar ciwon sukari da rage ƙiba ta Ozempic da Wegovy ke kwaikwayo.

Wannan martani ba ya wucewa da wuri. Wani bincike da aka yi a Melbourne ta Ostareliya, aka buga a 2011, ya bi mutum 50 da aka sa wa tsarin abinci mai tsanani na mako 10. Bayan shekara guda girelin ɗinsu bai koma yadda yake da ba, kuma suna jin yunwa fiye da kafin su fara. Tun kafin nan, a wani gwaji da aka yi a Minnesota ta Amurka daga 1944 zuwa 1945, masani Ancel Keys ya rage wa maza 36 abinci kusan rabi na tsawon mako 24. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, amma hirarsu da mafarkinsu suka koma na abinci, wasu har suka shiga tara littattafan girki. Da aka sake musu mara, da yawa suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa. Mai tsallake karin kumallo da abincin rana, sannan ya auka wa tukunya da dare, ƙaramin irin wannan ne ke samunsa.

Saboda haka likitoci suka fi son a rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Nauyin da ke zubewa da sauri a makon farko yawancinsa ruwa ne.

Abincin da ke riƙe ciki

Ba kowane abinci ne ke ƙosarwa daidai da kalorinsa ba, wato ma'aunin ƙarfin da yake bai wa jiki. A 1995 Susanna Holt ta Jami'ar Sydney ta gwada abinci iri 38, kowanne kalori 240, tana auna yadda yake riƙe ciki na awa 2. Dafaffen dankalin Turawa ne ya zo na ɗaya, ya ninka farin burodi fiye da sau uku, kayan fulawa masu maiƙo kuwa suka zo can ƙasa. Abin da ke ƙosarwa ya haɗa ruwa da furotin da faiba, wato dusar hatsi da harzar ganye da ciki ba ya narkarwa da sauri.

A teburin Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne. Wake da alale da ƙwai da kifi da nono suna da furotin. Kwaɗon zogale ko na rama, da miyar kuɓewa da ta kuka da alayyahu, suna cika ciki ba tare da kalori mai yawa ba. Tuwon dawa ko na gero ya fi farar shinkafa da taliya faiba. Wanda ya saba cin malmala uku da miya kaɗan, idan ya koma malmala biyu da miya mai yawa da ganye a gefe, zai tashi da ƙoshi kusan iri ɗaya.

Inda ake yin asara shi ne mai da sukari. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitaci da furotin 4 ne kawai, kuma babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Wake ɗaya ne ake yin alale da ƙosai da shi, amma wanda ya shiga kaskon suya ya sha mai. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi tara, kuma abin sha ba ya ƙosarwa kamar abin taunawa. Haka zoɓo da kunun aya da shayin mai shayi idan aka cika musu sukari da madara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, a kuma ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kullum.

Barci da sabo

Rashin barci na buɗe ciki. A Jami'ar Chicago a 2004 an taƙaita barcin samari 12 zuwa awa 4 na dare biyu, sai leftin ya sauka da kashi 18 cikin 100, girelin ya hau da kashi 28, suka fi sha'awar kayan zaƙi.

Akwai kuma yunwar sabo, wadda agogo ko wuri ke tayarwa: ƙamshin tsire a bakin titi da magariba, ko cincin da ake miƙa hannu a ɗauka ana kallon talabijin. Ana gane ta da cewa abu ɗaya takamaimai take nema, ta gaske kuwa ko ɗumame ta samu ta karɓa. Masu azumi sun san wannan, domin yunwar rana takan tsananta a kwanakin farko na Ramadan, sannan ta lafa idan jiki ya koyi sabon lokacin cin abinci.

Maganar da ake yawan yi cewa ɗabi'a na kafuwa cikin kwana 21 ba ta da tushe mai ƙarfi. Phillippa Lally, lokacin tana jami'ar University College London, ta bi mutum 96 masu koyon sabuwar ɗabi'a, ta ga tsaka-tsakin lokacin kwana 66 ne, wasu kwana 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ɗabi'ar ba. Abin da aka ɗaura a kan wani aiki na kullum ya fi zama, kamar tafiyar minti 20 bayan sallar asuba ko auna man girki da cokali maimakon tsiyayawa daga galan.

Masu ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, da masu juna biyu da masu shayarwa, da masu gyambon ciki, ba sa rage abinci sai da shawarar likita. Jiri, rawar jiki da zufa mai sanyi alamun faɗuwar sukarin jini ne, kuma a wannan hali ana cin wani abu mai zaƙi nan take.