Mazari ba ya harbi, ƙoƙi-ƙoƙi ba shi da dafi

Da damina, in mazari ya cika bakin kududdufan cikin birnin Kano, sai ka ji ana tsawata wa yara cewa jelarsa na harbi. Ƙoƙi-ƙoƙi kuwa har takalmi ake bin sa da shi, wai yana da dafi. Duk ba haka ba ne. Dogon jikin mazari cikinsa ne, babu ƙari a ƙarshensa. Ƙoƙi-ƙoƙi ma in ka damƙe shi, iyakarsa ya ɗan cije ka ko ya karce ka da ƙayoyin ƙafafunsa na gaba.

Dukansu mafarauta ne, salon ne ya bambanta. Mazari a sama yake kamu: fikafikansa 4 kowanne na iya kaɗawa daban, yana tsayawa cak a iska, ya cafke sauro da ƙuda da ƙafafunsa. Babban aikinsa ma a ruwa yake, domin can yake ƙwai, 'ya'yansa su yi watanni suna cin tsutsar sauro kafin su yi fiffike. Shi ya sa zuba baƙin mai a kududdufi ɓarna ce, yana kashe su tare da tsutsar, sauro kuma ya riga su dawowa.

Ƙoƙi-ƙoƙi ɗan kwanton ɓauna ne. Yana lafewa a ganye, yana juya kai, sai fara ta matso ya fizge ta. Amma ba ya zaɓe, har ƙudan zuma da ɗan'uwansa yana ci. Masu lambu a gefen rafin Jakara, in kun ga busasshiyar kumfa manne da reshe, ƙwansa ne, kada ku kankare, domin duk da haka yana rage muku fara.