Waiwaye: Yadda unguwannin talakawa suka zama abin kirari a waƙar reggaeton

Duk mai sauraren reggaeton, kiɗan rawa na Latin Amurka da ake rerawa da Sifaniyanci, ya san mawaƙi ba ya yin nisa bai ambaci garinsu ba. Ɗan Puerto Rico ya kira Carolina ko Vega Baja, ɗan Kolombiya ya kira Medellín. Da farko dai ba don kasuwa ake wannan kirari ba.

Tushen kiɗan daga Jamaika yake. Ya bi ta Panama, inda zuriyar leburorin da suka haƙa mashigin ruwan ƙasar suka fara rera reggae da Sifaniyanci, sannan ya yi gida a Puerto Rico a farkon shekarun 1990. A can ya zauna a caseríos, wato gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, ana naɗar sa a kaset ana sayarwa hannu da hannu. Zamanin kuwa ba mai daɗi ba ne. Daga 1993 Gwamna Pedro Rosselló ya riƙa tura 'yan sanda da sojoji waɗannan unguwanni da sunan yaƙi da miyagu, a 1995 kuma aka kai samame shagunan kaset aka kwashe waƙoƙin bisa zargin batsa. Matashin da ya kira sunan unguwarsu a waƙa a lokacin, yana kiran wurin da mutane ke jin kunyar faɗa ne in sun je neman aiki.

Daddy Yankee, wanda ya tashi a gidajen Villa Kennedy da ke San Juan, babban birnin Puerto Rico, shi ya fitar da abin duniya a 2004 da kundinsa Barrio Fino. Sunan ma kirari ne, ma'anarsa unguwa mai daraja. Da kuɗi suka shigo, sai alfaharin ya zama haja. La Perla, unguwar bakin teku da aka daɗe ana gudu, ta cika da 'yan yawon buɗe ido bayan da bidiyon waƙar Despacito, wanda aka ɗauka a cikinta, ya fito a 2017.

A shekarar ce guguwar Maria ta ragargaza tsibirin Puerto Rico, wasu yankuna suka yi watanni ba lantarki. A ganina daga nan kirarin ya sauya. Magana ta koma kan waye zai iya ci gaba da zama a gida, tunda 'yan ƙasa na ƙaura zuwa Amurka, attajirai kuma na shigowa saboda rangwamen haraji suna saye gidaje. Mawaƙi Bad Bunny, ɗan Vega Baja, ya shiga zanga-zangar 2019 da ta sa Gwamna Ricardo Rosselló, ɗan wancan Pedro, ya yi murabus. A 2025 ya shirya wasa 30 a San Juan maimakon zagaya biranen Amurka, kuma tara na farko mazauna tsibirin kaɗai aka sayar wa tikiti.