Waiwaye: Yadda doka ta daɗe tana tsayawa a ƙofar gida kan haƙƙin 'yan aikatau

Wanda ya saba zuwa tashar Kawo da sassafe ya san wannan hoto: dattijuwa ta sauko daga mota, 'yan mata uku ko huɗu na biye da ita, kowacce rungume da jakar bakko mai ɗauke da zani biyu da silifa. Kafin azahar an rarraba su a gidajen Malali da Unguwar Rimi, kuma sau da yawa albashinsu a hannun dillaliyar zai riƙa sauka, ba a nasu ba. Yayyensu kuma, musamman zawarawa masu 'ya'ya, ejan suke nema ya yi musu bizar Saudiyya, su tafi aikatau a gidaje, aikin da a can ake kira shagala. Tafiyar ta bambanta da nisa, amma matsalar ɗaya ce, domin an daɗe ba a ɗaukar cikin gida a matsayin wurin aiki da doka za ta leƙa.

Abin yana da tushe. Tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, garin ya cika da kuku da boyi da mai wanki da guga, waɗanda suka baro garuruwansu suka tare a ɗakunan bayan gidajen Turawa. Dokar ƙwadago da muke amfani da ita, wadda aka gada daga mulkin soja na shekarun 1970, ta ambaci ma'aikacin gida, amma ta bar wa ministan ƙwadago ikon tsara ƙa'idojin aikinsa, alhali a wancan zamani ma'aikacin masaƙa a Kakuri yana da ƙungiya da takardar ɗauka da ranar hutu. Haka dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda ta yanka naira 30,000 kafin a mayar da shi 70,000 a 2024, ta ware duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Babu gidan da zai kai wannan adadi, don haka 'yar aiki ba ta cikin lissafin tun daga farko.

A ƙasashen Larabawa kuwa gibin ya fi faɗi, saboda tsarin kafala, wanda ya ɗaure izinin zaman baƙo da wuyan kafilinsa, wato wanda ya ɗauke shi aiki. Dokar ƙwadago ta Lebanon ta 1946 ta fitar da ma'aikatan gida ƙarara, ita ma ta Saudiyya haka, sai dai aka yi musu wasu ƙa'idoji na daban a 2013. Da Saudiyya ta sassauta kafala a watan Maris na 2021, ta ba baƙi damar sauya wurin aiki, ba a saka ma'aikatan gida ba. Ma'anar wannan a aikace ita ce, macen da uwar ɗakinta ta karɓe fasfonta ta kulle a durowa, ta hana ta albashin wata shida, idan ta fice daga gidan ita ce doka za ta kira wadda ta gudu, ita za a tsare a tarhil, gidan tsare baƙin da za a kora, kafin a tiso ƙeyarta gida. Wadda ta shiga da bizar Umara ta maƙale ba igama, wato takardar izinin zama, ita ko bakin kai ƙara ba ta da shi. A watan Afrilun 2020 wani mutum a Lebanon ya sa wata 'yar Najeriya a kasuwa a Facebook kan dala 1,000, sai da abin ya tayar da ƙura aka kama shi, hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare ta shiga maganar.

Babban sauyi a matakin duniya ya zo ranar 16 ga Yuni, 2011, lokacin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 189 a Janiba, wadda ta fara aiki a 2013. Abin da ta ƙunsa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, haƙƙi ne da kowane ma'aikaci ya riga ya sani: hutun awa 24 a jere kowane mako, takardar yarjejeniya a rubuce kafin mutum ya tsallaka iyaka, barin fasfo a hannun mai shi, da hana ejan cire kuɗinsa daga albashi. A ƙiyasin ƙungiyar na 2015, ma'aikatan gida miliyan 11.5 ne ke aiki a ƙasashen da ba nasu ba. Afirka ta Kudu ta amince da yarjejeniyar a 2013, Gini a 2017. Najeriya ta amince da mai lamba 143 kan baƙin ma'aikata da mai lamba 181 kan kamfanonin samar da aiki a 2023, amma ta tsallake ta 189, wadda ita ce ta shafi waɗannan mata kai tsaye.

Abin da muka samu a gida ya fi karkata ga hukunci fiye da tsara aiki. An kafa hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, a 2003, dokarta ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, sannan Jihar Kaduna ta yi dokar kare yara a 2018. Waɗannan suna da amfani, sai dai ba sa motsi sai an ga tabon bulala ko ƙunar dutsen guga a jikin yarinya. Ba su ce komai ba kan ƙarfe nawa za ta kwanta, ko hannun wa kuɗinta zai shiga.

A nan ne nake ganin nauyin ya dawo kanmu. Da wuya gwamnati ta iya ɗaga murya a Riyad ko Beirut kan hutun mako da takardar albashi, alhali yarinyar da aka kawo daga ƙauyen Katsina ko daga Maraɗi tana shara da wanke-wanke a Kaduna tun asuba har bayan isha'i, kwana bakwai a mako, kuma ba ta san ko nawa aka yi cinikin aikinta ba.