Barin laftof a jone da wuta kullum yana kashe batir?

Wani ƙanena da ke buga wa mutane takardu a unguwar Nima da ke Accra ya zo min a tsorace. Maƙwabcinsa ya ga caja ba ta rabuwa da kwamfutarsa, ya ce masa ya kusa sayen sabon batir. "Yaya, da gaske ne?" Ga abin da muka tattauna.

Batir yana ci gaba da shan wuta bayan ya cika?

A'a. Laftof na yanzu batirin litiyam gare su, irin wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, kuma akwai 'yar na'ura a ciki da ke lura da caji. Da ya kai kashi 100 sai ta yanke, kwamfuta ta koma cin wuta kai tsaye daga caja. Shawarar nan ta "bari ya mutu murus kafin ka jona" gadon zamanin batiran nikel ce. A litiyam ma, yawan kai shi sifiri shi ne wahalarwa.

Ke nan babu illa ko kaɗan?

Akwai, amma ba inda ake zato ba. Kowane ɗan batir da ke cikin batirin laftof idan ya cika tim yana kusan bolt 4.2, kuma zama a wannan matsayi wata da watanni yana saurin tsufar da sinadaran ciki. Idan zafi ya haɗu da cikar, sai abin ya ninka. Apple da kansa ya ce zafin wuri da ya wuce digiri 35 na iya rage ƙarfin batir har abada. To, ka duba shagon kwantena a Accra da ƙarfe biyu na rana a watan Maris, fanka na hura iska mai ɗumi, laftof a kan matashin kai, ƙura ta toshe ramukan iska. Ni a ganina matashin nan ya fi caja laifi.

Mene ne mafita ga mai aiki a tebur yini guda?

Ka hana shi cika. A laftof ɗin Lenovo akwai manhajar Vantage mai tsayar da caji kafin ya cika. Manhajar MyASUS ta laftof ɗin ASUS kan ba ka zaɓin tsayar da caji a kashi 60 ko 80. Dell na da saitin mai yawan aiki da wuta a cikin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, MacBook kuma yakan koyi lokutanka ya dakata a 80. Ka kunna, ka bar cajarka a jone, hankali kwance.

To dumso fa, wato yawan ɗauke wutar nan ta Ghana?

Nan ƙanena ya yi dariya, don ya san inda gizo ke saƙa. Batir mai kashi 60 ba zai kai ka ko'ina ba idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar buga takardar neman biza ga mutumin da ke tsaye a kanka. Batir don amfani aka yi shi. Ranar da kake zargin wuta, ko za ka hau mota zuwa Kumasi, cika shi tim. Sauran ranaku 80 ta isa. Idan an ɗauke, ka zare caja daga soket, domin wutar da ke dawowa da ƙarfi tana ƙona caja.

Ta yaya zan san lafiyar batirina?

A Windows, buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai ajiye maka rahoto a fayil, wanda ke nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage. Duk mai sayen laftof na hannu a kasuwar Circle da ke Accra ya yi wannan kafin ya ƙirga kuɗi. Idan kuwa ka ga wurin linzami ya ɗago ko gindin kwamfutar ya kumbura, batirin ya kumbura ke nan. Kada ka danna, kada ka huda. Zare caja ka kai wa mai gyara a ranar.