Mene ne venv, kuma me ya sa masu Python ba sa fara aiki sai da shi?

Duk wanda ya fara koyon Python, wato yaren rubuta kod na kwamfuta, a kwamfuta ne ko a waya ta manhajar Termux, ba ya daɗewa sai ya ci karo da wannan layi a farkon darasi: python -m venv .venv. Yawancin masu koyo kwafe shi suke yi su wuce, wasu ma tsallake shi suke yi tunda kod ɗinsu yana gudana ko babu shi. Kalmar venv gajarta ce ta virtual environment, wato keɓaɓɓen wuri da ake ware wa aiki guda ɗaya, inda za a zuba duk ƙunshin kod da wannan aikin yake bukata ba tare da sun cakuɗu da na wani aikin ba.

Sai an san matsalar kafin a ga amfanin maganin. Python yana zuwa da kayan aikinsa masu yawa, amma da wuya a yi aiki na gaske ba a ɗauko kod ɗin da wasu suka rubuta ba. Mai gina shafin intanet zai nemi Django ko Flask, mai nazarin alƙaluma zai nemi pandas da NumPy. Duk waɗannan suna ajiye a PyPI, rumbun da aka buɗe a 2003 wanda gidauniyar Python Software Foundation take kula da shi, kuma kowa yana iya ɗauka ko ya ajiye nasa kyauta. Umarnin pip install shi ke sauko da ƙunshi ya saka shi a wata folda mai suna site-packages. To, wannan foldar siga ɗaya tak take riƙewa ta kowane ƙunshi. Idan sabuwa ta shigo, tsohuwar ta tafi.

A ce ka gina wa wata makaranta shafin duba sakamakon jarrabawa da Django 3.2. Bayan shekara biyu wani aiki ya zo, ka ɗaga Django zuwa sabuwar siga. Ranar da shugaban makarantar ya kira ka kan wani ɗan gyara, kana buɗe tsohon aikin sai ya ƙi tashi, domin tun daga siga ta 4.0 an cire wani guntun kod mai suna url da ake ɗaukowa daga django.conf.urls, wanda tsofaffin ayyuka da yawa suka dogara da shi. Ba ka taɓa ko harafi ɗaya a aikin makarantar ba, amma ya lalace. Tela mai hankali yakan sa yadin kowa da zarensa a leda daban, ya rubuta suna a kai. Aikin venv ke nan.

A Linux abin ya fi haka haɗari, saboda tsarin kansa yana amfani da Python wajen gudanar da wasu kayan aikinsa. Shi ya sa daga Debian 12 da Ubuntu 23.04, nau'o'in Linux biyu waɗanda duka suka fito a 2023, pip yake ƙin saka komai kai tsaye, ya nuna saƙon externally-managed-environment. Akwai masu ba da shawarar a ƙara --break-system-packages don a wuce wurin. Ban goyi bayan wannan shawara ba ko kaɗan, musamman ga ɗalibin da kwamfutarsa ɗaya ce, ita ce ta karatu ita ce ta neman abinci. Waɗanda suka raɗa wa zaɓin wannan suna da gangan suka yi, don mutum ya san abin da yake shirin karyawa.

Abin da ya fi sauƙaƙa fahimta shi ne mutum ya leƙa cikin foldar da idonsa, domin venv folda ce kawai, babu wani siddabaru. A ciki akwai ɗan fayil mai suna pyvenv.cfg da ke nuna inda asalin Python yake, akwai foldar bin a Linux da Mac ko Scripts a Windows, sannan akwai site-packages tata ta kanta, wadda kusan babu komai a ciki sai pip. Idan ka rubuta source .venv/bin/activate, ko .venv\Scripts\activate a Windows, abin da ke faruwa kaɗan ne: ana sa wannan foldar a sahun gaba na jerin wuraren da kwamfuta ke neman umarni, wanda ake kira PATH. Daga nan duk lokacin da ka ce python ko pip, na cikin aikin ne zai amsa. Kana rufe tagar umarnin ko ka rubuta deactivate, komai ya koma yadda yake. Kunnawar ma ba dole ba ce, kana iya kiran .venv/bin/python kai tsaye, kuma haka ake yawan yi a kan saba (server), wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet.

Dabarar ta girmi sunan. Ian Bicking ne ya fitar da virtualenv, manhajar da ke yin wannan aikin, a 2007, shi ne kuma ya fara rubuta pip a shekarar da ta biyo. Da jama'a suka rungume ta, sai aka shigar da ita cikin Python kansa a siga ta 3.3 a 2012.

Inda na fi ganin masu koyo suna tuntuɓe shi ne ɗaukar foldar a matsayin dukiya. Mutum zai kwafe ta a filashi ya kai wa abokinsa, ko ya tura ta GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, alhali a cikin fayilolinta an rubuta cikakken adireshin inda aka ƙirƙire ta, don haka da an motsa ta sai ta fara gardama. Abin adanawa shi ne jerin sunaye. Umarnin pip freeze > requirements.txt yana rubuta kowane ƙunshi da lambar sigarsa a ɗan fayil guda. Wanda ya karɓi aikin sai ya ƙirƙiri nasa venv ɗin, ya rubuta pip install -r requirements.txt, ya sami daidai abin da kake da shi. Idan naka ya rikice, goge shi ka sake sabo, ba ka yi asarar komai ba.

Na san abin da mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ce: data fa? Tambaya ce mai tushe, domin sauko da pandas da NumPy a kowane sabon aiki ba wasa ba ne ga mai sayen data kaɗan-kaɗan. Da farko, pip yana ajiye abin da ya taɓa saukowa, saboda haka karo na biyu yawanci daga cikin kwamfutar yake ɗaukowa. Na biyu, wanda ya sami intanet mai kyau yana iya rubuta pip download -r requirements.txt -d kaya, ya tara fayilolin a foldar kaya, ya raba wa 'yan ajinsu a filashi. Su kuma sai su yi amfani da pip install --no-index --find-links kaya -r requirements.txt ba tare da intanet ba. Sharaɗin shi ne tsarin kwamfutocin da sigar Python su zo ɗaya, domin ƙunshi irin NumPy ana harhaɗa shi daban don Windows, daban don Linux. Malamin da ke koyar da mutum talatin a ɗaki ɗaya zai ga amfanin wannan tun ranar farko.

Akwai abin da venv ba ya yi, kuma ya kamata a faɗa a fili. Ba katanga ba ce daga mugun kod. Tunda kowa na iya ajiye ƙunshi a PyPI, an sha kama waɗanda aka sa wa suna mai kama da na sanannu, da bambancin harafi ɗaya, don su saci bayanan wanda ya yi kuskuren rubutu. Irin wannan ƙunshin yana iya karanta fayilolinka ko daga cikin venv aka saka shi. A duba suna da kyau kafin a danna. Haka kuma ba ya canza sigar Python, wadda ta ƙirƙire shi ita yake bi. Mai bukatar sigogi daban-daban sai ya duba conda, ko uv da kamfanin Astral ya fitar a 2024, wanda ya yi suna wajen sauri.

Bayanin da ya fi inganci yana docs.python.org da packaging.python.org, kuma kyauta ne. Ga wanda ya maƙale kuma, masu Python a Afirka suna da tarukansu, tun daga PyCon Africa na farko da aka yi a Akara a 2019 har zuwa ƙananan zaurukan WhatsApp da Telegram na jami'o'i. Wani ƙorafin da ake yawan ji a irin waɗannan wurare shi ne "na saka ƙunshin amma ana ce mini ModuleNotFoundError", wato Python bai ga ƙunshin ba. Sau da yawa pip ɗin wani Python ne ya saka, wani Python ɗin daban kuma yake gudanar da kod ɗin. Kafin ka tura tambaya, rubuta which python a Linux ko where python a Windows ka ga wanda ke amsawa, sannan ka saba da rubuta python -m pip install maimakon pip install shi kaɗai, domin hakan yana tilasta wa su biyun su zama na wuri ɗaya.