Me ake nufi da "Stage 2" a jikin kwalin kuloci?

Duk wanda ya taɓa neman sabon kuloci don mota mai ƙarfin inji ya ci karo da wannan rubutu, ko a jikin kwali ko a shafin masu sayarwa: Stage 1, Stage 2, Stage 3, wani lokaci har 5. Abin da ake nufi shi ne mataki. Kamfanin da ya ƙera kulocin ne ya jera kayansa, tun daga mai laushin kamu wanda ya yi kusa da na asali, har zuwa mai tsananin kamu da aka yi don filin tsere. Iyakar abin da lambar ke faɗa ke nan. Babu hukumar da ta tsara ta, babu kuma ma'auni ɗaya da kamfanoni suka haɗu a kai. Stage 2 na kamfanin SPEC faifan Kevlar ne, wato wani zare mai ƙarfin gaske, mai kamawa a hankali, alhali Stage 2 na Exedy gaurayen siramik da ƙarfe ne mai cafka nan take. Kamfanin ACT ma ba da lamba yake raba nasa ba, sunaye yake sa musu. Saboda haka wanda ya ce wa bakanike "sa mini Stage 2" bai faɗi komai ba tukuna.

Abu uku ne ke aiki tare a haɗin kuloci. Akwai fulawil, wato faffaɗan ƙarfen da aka ɗaure a ƙarshen karanshaf, babbar sandar da inji ke juyawa. Akwai faifan kuloci da ke zaune a kan sandar giyabos. Akwai kuma murfin matsi, mai sifirin ɗin da ke danne faifan a jikin fulawil. Ka taka feda, matsi ya saki, inji ya rabu da giya. Ka ɗaga ƙafa, su sake haɗewa. Yawan ƙarfin da wannan haɗi zai iya riƙewa ya rataya ne a kan ƙarfin dannewar murfin, da irin abin da aka yi fuskar faifan da shi, da faɗin faifan, da kuma yawan fuskokin da ke gogayya. Faɗi kusan ba ya canzuwa, tunda gidan kulocin ne ya iyakance shi. To duk wani "Stage" wasa ne da sauran ukun.

Lambar da ya kamata mai saye ya nema ita ce ta ƙarfin juyi, wadda ake rubutawa da Nm ko lb-ft, ba ƙarfin doki ba. Ƙarfin juyi, wato ƙarfin da inji ke murɗa karanshaf da shi, shi ne ke sa kuloci zamewa. Shi ya sa ake gane kulocin da ya gaji a babbar giya: kana cikin giya ta huɗu ko ta biyar, juyin inji yana ƙasa, ka take totur har ƙasa, sai ka ga allurar juyi ta haura amma gudun motar bai ƙaru ba, jim kaɗan warin ƙuna ya shigo. Motoci masu turbo sun fi faɗawa wannan hali bayan an sake musu tsarin kwamfutar inji, domin ƙarfinsu yakan zo gaba ɗaya tun juyi bai yi nisa ba. A ɗauka inji yana ba da 350 Nm, aka gyara shi ya koma 430. A ganina kulocin da ke riƙe 480 zuwa 520 ya wadatar, ba sai an je neman mai 800 ba. Kamfanonin Amurka sukan rubuta tasu lambar da lb-ft, kuma kowane ɗaya daidai yake da kusan 1.36 Nm. A kuma tambaya ko a karanshaf aka auna ko a taya, don na taya kullum ya fi ƙanƙanta.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen fuskar faifan. Faifan gama-gari, irin wanda mota ke fitowa da shi, an yi shi ne da zare da ƙaro da 'yar wayar ƙarfe, kuma tsakanin fuskokinsa biyu akwai siririn ƙarfe mai lanƙwasa da ke sa kamu ya zo a hankali. Shi ne mai daɗin tuƙi, sai dai zafi mai yawa na cinye shi. Kevlar yana daɗewa, ba ya cin fulawil, amma idan ya ƙone sau ɗaya fuskarsa ta yi sulɓi, da wuya ya dawo daidai. Na siramik kuwa sau da yawa ba cikakken zagaye ba ne, faci-faci ne guda 4 ko 6 a kan hannuwan ƙarfe. Yana jure zafi ƙwarai, yana riƙe ƙarfi mai yawa, amma bai san rabin kamu ba: ko ya saki ko ya cafke. A filin tsere abin da ake so ke nan. A cunkoson gari kuwa, ko wajen tayar da mota a kan tudu, ko ja da baya a matsattsen wuri, motar za ta riƙa karkarwa tana fizga, faci-facin kuma suna kankare fuskar fulawil.

Kuma fizgar ba a banza take tafiya ba. Kuloci na asali yana ɗan zamewa ne ya shanye duka. Idan aka sa wanda ba ya zamewa ko kaɗan, dukan sai ya wuce kan haƙoran giya da sandunan da ke juya taya, waɗanda suka fi kuloci tsada nesa ba kusa ba. Murfi mai tsananin matsi shi ma yana da nasa haraji: feda ta yi tauri, ƙafar hagu ta gaji, cokalin kuloci da biyarin ɗin da ke tare karanshaf su ɗauki nauyin da ba don shi aka yi su ba. Wanda ƙarfin injinsa ya kai inda faifai ɗaya ba zai riƙe ba, gara ya duba kuloci mai faifai biyu. Fuskokin gogayya sun tashi daga 2 zuwa 4, sai a samu riƙo mai yawa ba tare da feda ta zama dutse ba. Kuɗinsa ne kawai mai zafi.

Sai fulawil, wanda bai kamata a zaɓe shi daban da kuloci ba. A inji mai bugu huɗu, kowane fistin sau ɗaya yake tura karanshaf a cikin juyi biyu. Nauyin fulawil ne ke cike giɓin da ke tsakanin bugu da bugu, kamar yadda gululu ke sa mazari ya ci gaba da juyawa bayan yatsa ya sake shi. Idan aka rage nauyin, inji ba ya samun ƙarin ƙarfi, amma yana hawa da sauka da sauri, kuma a giya ta ɗaya da ta biyu aka fi jin bambancin. A giya ta biyar da ƙyar za ka lura. Farashin wannan kuzari shi ne mota ta fi saurin mutuwa wajen tashi, silo kuma ya rage santsi. Ba kilo kaɗai ake dubawa ba, har da inda nauyin yake, domin ƙarfen da ke bakin gefe ya fi na tsakiya tasiri sosai. Fulawil na chromoly, wani gaurayen ƙarfe mai ƙwari, idan mai matsakaicin nauyi ne, ya fi dacewa da motar da ake hawa kullum. Na alminiyam, mai faifan ƙarfe da ake kwancewa a fuskarsa, ya fi karkata ga tsere. Abin da ba na so in ga kowa ya yi shi ne kai fulawil na zubi wurin mai injin fiƙe ƙarfe a rage masa kauri. Ƙarfen zubi yana iya tarwatsewa a babban juyi, kuma kusa da ƙafafun direba yake. Don haka ne masu shirya tsere a Amurka ke neman shaidar SFI 1.1, wato tabbacin cika ƙa'idar kariya, a jikin fulawil da kuloci na motoci masu gudu sosai.

Motocin zamani da yawa suna zuwa da fulawil mai ɓari biyu, wanda kamfanin LuK na Jamus ya fara fitarwa a 1985. Ɓari ɗaya yana manne da inji, ɗayan yana fuskantar kuloci, tsakaninsu akwai dogayen sifirin masu shanye girgizar inji kafin ta isa giyabos. Faifan da ke aiki da shi galibi ba shi da sifirin a cibiyarsa, tunda fulawil ɗin ya ɗauke masa aikin. Wanda zai cire shi ya sa mai ɓari ɗaya, lallai ya haɗa da faifai mai sifirin a cibiya, kuma ya shirya jin ƙarar haƙoran giya, kacau-kacau, duk lokacin da mota ke silo ba a cikin giya ba, musamman idan na'urar sanyaya mota tana kunne. Wasu ba ta dame su ba, wasu kuwa mako ɗaya ya isa su yi da-na-sani. Mai injin dizal ya fi kowa buƙatar yin tunani sau biyu, don bugun injinsa ya fi tsanani. Mai ɓari biyu kuma ba kasafai ake goge fuskarsa a mayar ba. Idan ya yi lako-lako ko ya ƙone, sabo ake sawa.

Tunda sai an sauke giyabos kafin a kai ga wurin, a canza biyarin ɗin da ke sakin kuloci, da ƙaramin biyarin na tsakiyar karanshaf, a duba robar da ke tare mai a bayan inji. A motoci da yawa kusoshin fulawil sau ɗaya ake ɗaure su, don haka a sa sababbi, a ɗaure da ma'aunin da littafin motar ya faɗa. Bayan an haɗa, kamfanoni da yawa suna son a yi kimanin kilomita 800 na tuƙin cikin gari, ana tsayawa ana tashi ana canza giya, ba tare da fizga ko take totur har ƙasa ba, kafin fuskar faifan ta zauna daram a jikin fulawil. Doguwar tafiya a babbar hanya ba ta shiga wannan lissafi, domin a can ƙafa ba ta taɓa kuloci.