Warkarwa ta Ruhaniya a Addinin Kirista

Warkarwa ta ruhaniya, a koyarwar Kirista, ita ce sauƙin da Allah yake kawo wa mai shan wahala a jikinsa da zuciyarsa da dangantakarsa da Mahaliccinsa, ta hanyar addu'a da shafa mai da ɗora hannu da furta zunubi da kulawar ikilisiya. Ta fi warkewar ciwo faɗi. Mutum yana iya samun ta ko da cutar jikinsa ba ta tafi ba.

Tushenta yana cikin ayyukan Yesu Almasihu. A Bishara ta Markus sura 2, an zuro wani shanyayye ta rufin gida a Kafarnahum, sai Yesu ya fara gafarta masa zunubansa kafin ya umarce shi ya tashi ya ɗauki shimfiɗarsa. A sura 5 akwai matar da ta yi shekara 12 tana zubar jini, ta ƙarar da dukiyarta wajen masu magani. Bisa dokar Musa, irin wannan mace ƙazantacciya ce, tana zaman ware. Yesu ya kira ta 'yarsa a gaban taro, ya sallame ta da salama, ta koma cikin jama'a da mutuncinta. Wasiƙar Yaƙub 5:14-15 kuwa ta umarci marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai da sunan Ubangiji.

Littafi Mai Tsarki bai yi alkawarin cewa kowane mai bi zai warke a duniya ba. Manzo Bulus ya roƙi Allah sau uku ya cire masa abin da ya kira ƙaya a jiki, amsar da ya samu ita ce alherin Allah ya ishe shi. Abokan Ayuba sun dage cewa laifinsa ne ya jawo masa masifa, a ƙarshe Allah ya tsawata musu. Haka ma a Yohanna sura 9, Yesu ya ƙi ɗora makantar wani mutum a kan zunubinsa ko na iyayensa. Don haka malaman Kirista da yawa suke sukar masu wa'azin da ke gaya wa majinyaci wai ƙarancin bangaskiyarsa ne ya hana shi warkewa, kuma sukar daidai ce, domin wannan magana ƙarin nauyi ce a kan wanda kaya ya riga ya danne shi.

Ɗariku sun bambanta wajen aiwatarwa. Katolika da Otodoks suna ɗaukar shafa mai a matsayin sakramenti, wato tsattsarkar ibada da Allah yake ba da alherinsa ta wurinta. A Katolika an daɗe ana jinkirta shi sai ajali ya kusa, har Majalisar Batikan ta Biyu (1962-1965), wato babban taron bishop-bishop na Katolika, ta jaddada cewa na duk wanda ciwo mai tsanani ko tsufa ya kama ne. A Lourdes ta ƙasar Faransa, wurin ziyarar ibada na Katolika inda mahajjata suke tururuwa tun 1858, akwai ofishin likitoci mai bincikar duk iƙirarin warkewa, kuma cikin dubbai wajen 70 kaɗai coci ta amince mu'ujiza ce. 'Yan Fentikos, waɗanda farkawar addini ta titin Azusa a Los Angeles ta 1906 ta yaɗa tafiyarsu, sun fi ba da ƙarfi ga baiwar warkarwa ta Ruhu Mai Tsarki.

Mafi yawan ikilisiyoyi ba sa ganin addu'a a matsayin kishiyar asibiti. Basil, bishop na Kaisariya, ya gina gidan jinyar matalauta da kutare a ƙarni na 4. Cicely Saunders, likita Kirista, ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher a Landan a 1967, tana koyar da cewa raɗaɗin majinyaci ya haɗa da na jiki da na tunani da na iyali da na ruhu. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006, kan mutum 1,802 da aka yi wa tiyatar zuciya, bai ga addu'ar da mutanen da ba su san majinyatan ba suka yi musu daga nesa ta rage matsalolin bayan tiyata ba. Masana tauhidi da dama sun amsa cewa addu'a roƙo ce ga Allah mai yin nufinsa, ba magani ba ce da za a auna ta kamar ƙwaya.